Ummaru da Waldar da Ta Rabu a Hanyar Kebbe

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai ƙanena Ummaru makwancinsa a Tambuwal, kuma duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba. Abokan aikinsa sun rubuta, ɗalibansa sun rubuta, ni da muka sha nono ɗaya na yi gum. Masu kyautata mini zato sun ce baƙin ciki ne ya riƙe mini hannu. Ba shi ba ne, ƙyashi ne. Na yi ƙyashin Ummaru yana raye, na ɗauka idan ƙasa ta rufe shi abin zai lafa, sai ga shi har yau in aka yabe shi a gabana sai in ji abin ya taso mini sabo. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana. Duk mai walda daga Tambuwal zuwa Dogon Daji har Kebbe ya san wata 'yar tanda da ake yi da guntun durom, a hura gawayi a ƙarƙashinta, a gasa sandunan walda a ciki kafin a taɓa ƙarfe mai tauri. Tandar Bello ake ce mata, ni ne kuwa Bellon. Ban tara gidaje ba, ban tara shanu ba, sunan nan shi ne duk abin da na tara a duniya. Kuma ba nawa ba ne. Na Ummaru ne, an biya shi da ƙafar wani bawan Allah, ni kuma na zauna a kansa shekara arba'in da ɗoriya ina amsa gaisuwa.

Mu maƙera ne kaka da kakanni. Lokacin da aka zo neman yaro ɗaya daga gidanmu don makarantar boko, Baba ya dube mu mu biyu. Ni hannuna ya riga ya faɗa da masaba, Ummaru kuwa ɗan siriri ne, ko zugazugi ya kama sai wuta ta yi barci. Baba ya riƙe mai amfani, ya ba da wanda ba a asara. Ranar har dariya na yi masa, yana tafe yana kuka da allonsa a hammata. Ban san rashin ƙarfinsa ne zai kai shi inda ƙarfina ba zai taɓa kai ni ba.

Ya yi ta cin jarrabawa kamar wasa. Da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, kuɗin mai ya cika ƙasa, gwamnati na neman yaran da za ta tura waje karatu, sai Ummaru ya shiga jirgi. Da likita ya je ya koyo, ko aikin shari'a, wallahi da na fi kowa alfahari. To duk ilimin da ke duniya, sai ya zaɓi ƙarfe. Ƙarfe fa, abu ɗaya tak da nake da shi wanda shi ba shi da shi. Don wasiƙunsa na shiga ajin yaƙi da jahilci, ba kuwa don ƙauna ba. Ba na son wani ya riƙa karanta mini ci gabansa yana kallon fuskata.

Ni ma shekarun ba su bar ni a baya ba. Manyan motoci da tifofi da taraktoci sun cika hanya, kowa na gini, kowa na fasa abu yana neman mai gyara. Na sayi injin walda, uwar maƙera ta koma kusurwar rumfa kaji na kwana a kanta. Hannuna yana da kyau, wannan ba yabon kai ba ne, ɗinkin waldata ko saƙar kaba albarka. Amma kaina na maƙeri ne. Duk abin da na sani game da ƙarfe a jikin hauya da galma da lauje na koye shi, kuma na ɗauka ƙarfe duk ƙarfe ne.

Wata damina Ummaru ya zo hutu. A kwanakin ne wani Alhaji mai tarakta ya kawo mini aiki. Yana da tirela da yake ɗaura wa taraktar, tana jigilar buhuna da mutane tsakanin Kebbe da kasuwar Tambuwal, sai wuyan tirelar, wato ƙarfen da ke haɗa ta da tarakta, ya tsage. Ƙarfen baƙo ne a wurina, ba kauri amma magagari zamewa yake yi a kansa. Alhaji ya zo da sandunan walda na musamman da ya ce don irin ƙarfen aka yi su, cikin kwali buɗaɗɗe da ya kwana biyu a zaurensa, ruwan Agusta na zuba. Ummaru na zaune a rumfata. Mutane sun kewaye shi, Injiniya sama Injiniya ƙasa, har bencin da nake hutawa a kai an ja masa. Alhaji ya tsallake ni, ni mai rumfar, ya ce masa, "Injiniya, mi kag gani?"

Zan yi masa adalci. Bai amsa wa Alhaji ba. Ya taso ya tsuguna kusa da ni kamar mai taya ni duba tsagar, ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji.

"Yaya, sandunan ga sun sha sanyi, a gasa su tukuna. Ƙarfen ma a ɗumama shi. In anka ƙare, kak ka sa mai ruwa, a rufe shi da toka mai zafi shi huce da kainai. Kuma a bar shi kwana biyu ba a ɗora mai kaya ba, akwai wata iska da ka shiga cikinai."

Da mu biyu ne kaɗai, wataƙila da na ji. Amma ina ganin idon Alhaji a kansa, ina ganin bencina a bayansa. Na miƙe na ɗaga murya na ce, "Jama'a, kun ji abin da anka tura yaro Turai shi koyo? Aljanun ƙarfe! Ni nika walda tun kana haddace sunan garuruwan Nasara." Aka fashe da dariya. Sun ji barkwancina, ba su ji abin da ya jawo shi ba. Ummaru ya sunkuyar da kai, ya koma ya zauna.

Na yi waldar, ta fito tas. Sannan na yi abin da kowane ɗan maƙera ya gada, na ɗauko bokitin ruwa na sheƙa mata, tururi ya tashi. Haka muke yi wa bakin hauya don ya yi tauri, haka Baba ya yi, haka kakanmu ya yi. Na ɗauki masaba na maka mata sau uku, ta amsa da ƙara mai daɗi. Alhaji ya tafa, aka ɗaura tirela, tarakta ta tashi da yamma. Ranar na ci tuwo har na nemi ƙari.

A rana ta uku labari ya zo. A wata gangara kafin a shiga Kebbe, ba rami ba gargada, wuyan tirelar ya rabu gida biyu. Tirela ta yi baya da buhunan gero ta kife. Waɗanda suka iya tsalle suka yi, wani manomi mai suna Mamman bai iya ba, ta danne masa ƙafar hagu. A asibiti a Sakkwato aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Aka kawo mini guntun ƙarfen har rumfa. Bai lanƙwashe ba, bai miƙe ba, ya dai karye ƙat a gefen ɗinkina, bakin karayar na ƙyalli kamar an fasa kanwa.

Alhaji ya zo da mutanensa, bakinsa ba abin da ke fita sai alƙali. Na tsaya riƙe da guntun ƙarfen. Sai Ummaru ya karɓi ƙarfen ya jujjuya shi, ya ce, "Alhaji, ƙarfen ga sabon iri na, ba a san halinai ba ƙasag ga. Ko wane mai walda anka kai ma, hakanan za shi yi mai." Ba ƙarya ko ɗaya a maganarsa, abu ɗaya kawai ya cire, cewa ya gaya mini na ƙi. Tunda Injiniya ya faɗa, sai aka ce ƙaddara ce, kowa ya watse. Ya kamata in rungume shi. Abin da na ji a zuciyata shi ne, ga shi nan kuma, yau ma da bakinsa aka cece ni.

Washegari da hantsi ya mirgino wani tsohon durom, ya zana mini a ƙasa inda zan yanka da inda zan huda. Muna aiki yana bayani, ina yi kamar ba na saurare, alhali ko kalma ɗaya ban bari ta faɗi ƙasa ba. Ya ce iskar sunanta haidirojin, kuma a cikin ruwa take zaune. Garin da ke lulluɓe da sandar walda yana shan damshi, wutar walda kuma ta fasa damshin nan, iskar ta kuɓuta ta narke cikin ruwan ƙarfe. Ya ce ƙarfe ba toshe yake ba kamar yadda ido ke gani, jere yake kamar hatsi a buhu, akwai 'yan kafofi a tsakani, ita kuwa iskar nan babu abin da ya kai ta ƙanƙanta, sai ta riƙa ratsawa. In ƙarfe ya huce a hankali tana samun hanya ta fice. In aka sheƙa masa ruwa, an rufe ƙofa tana ciki, an kuma ƙara wa wurin tauri. Daga nan sai ta yi ta rarrafe kwana da kwanaki tana taruwa a daidai inda kaya ke jan ƙarfen, har ta sassauta riƙonsa. Shi ya sa masabata ta yi mini ƙarya, lokacin da na buga ba ta gama taruwa ba. Ƙarfen hauya mai laushi yana haƙuri da ita, amma iya ƙarfin ƙarfe iya saurin karyewarsa in ta shige shi.

Na tambaye shi, cikin gatse, shi me yake yi a Turai tunda ya san duk wannan. Ya ce tarko suke nema. Tunda ba a iya hana iskar shiga gaba ɗaya, sai a zuba wasu 'yan ƙwayoyi a cikin ƙarfe tun wurin narka shi, waɗanda za su kama ta su riƙe, kada ta kai inda za ta yi ɓarna. Wani tarkon riƙon wasa yake yi, ɗumi kaɗan ya sake ta. Wani in ya kama ya kama ke nan. Aikinsa shi ne ya ɗauki ɗan guntun ƙarfe ya yi ta ƙara masa zafi kaɗan kaɗan, yana auna a wane zafi iskar ke fitowa, ta haka yake gane irin tarkon da ke ciki. Na ce, "Shekara fuɗu kana gashin ƙarfe kana shinshina? Ai da ka tsaya gida na ba ka gawayi." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba.

Da hutu ya ƙare ya koma, tanda ta zauna a rumfata. Waldata ta daina karyewa a inda ta wasu ke karyewa. Direbobin manyan motoci suka riƙa wuce garuruwa su zo Tambuwal nemana, masu walda suka riƙa zuwa leƙe suna kwaikwaya. In aka tambayi Ummaru sai ya ce, "Yaya na yaƙ ƙera ta." Nan ma bai yi ƙarya ba, ni na yanka durom. Ni kuwa in aka tambaye ni ina na samo dabarar, sai in shafa gemu in ce aiki ne ke koya wa mutum.

Shi kuma duniya ba ta yi masa yadda aka zata ba. Ya dawo da digirorinsa ya kama aiki a wata masana'antar ƙarfe da aka yi ta buga wa ganga, masana'antar ba ta taɓa yin numfashin kirki ba. Kuɗin mai ya janye, ya tattara ya koma koyarwa a wata kwalejin fasaha, yana zana tarkunansa a allo ga yaran da ba su taɓa ganin injin da ake aunawa da shi ba. Tunda na ce zan faɗi gaskiya, to na ji daɗi. Duk sanda ya kawo tsohuwar motarsa in liƙe masa salansa, da wani irin nishaɗi nake yi wanda ba na 'yan'uwantaka ba ne. Ina jira in ga ya yi ɗaci, ya zagi ƙasa, ya zagi rabo, in samu inda na fi shi. Har ciwo ya kwantar da shi bai ba ni wannan ba.

Yanzu nakan zauna bakin rumfa, ido ya yi rauni, in ce da Ummaru zai leƙo me zai ce. Motocin yau jikinsu kamar takarda amma guduma na tsalle a kansa, irin ƙarfen nan ne nasa ya cika titi. Ina ganin masu gyaran jikin mota suna gasa shi da wuta har ya yi ja, su fasa ledar ruwa su watsa masa don mai mota na sauri. In na yi magana tsawa kawai nake iya yi, shi da zama zai yi ya zana musu a ƙasa har su gane. Kwanaki na ji a rediyo ana cewa wai iskar nan tasa ce za a riƙa zuba wa motoci a madadin fetur, kuma babbar matsalar ita ce samun ƙarfen da zai riƙe ta bai karye ba. Na kashe rediyon. Mutum yana kabari ma duniya na biyo shi a baya, ni ina raye ta wuce ni. Tandar kuwa tana nan a rumfuna, rabin masu ita ba su san dalilinta ba, na ga inda ake gasa masara a ciki sandunan walda na jibge a ƙasa cikin laima.

To ga shi na faɗa a jarida, kowa ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Dabarar ta Ummaru ce. Ya gaya mini kafin tirela ta kife, na ƙi ji don kada a ce ƙanena ya fi ni. Amma na san faɗa wa jarida ya fi sauƙi, takarda ba ta kallon mutum. Akwai wanda ya fi kowa haƙƙin ji, shi ya sa watan jiya na shiga motar kasuwa na nufi Kebbe, hanya na jijjiga mini ƙasusuwa.

Na tarar da Mamman a ƙofar gidansa, ya tsufa kamar ni, yana saƙar igiya da guntuwar ƙafar a miƙe bisa tabarma. Tun bayan haɗarin ban taɓa yarda mun haɗa ido na minti ɗaya ba, in na hango shi a kasuwa sai in canza layi. Muka gaisa, aka kawo ruwa, na kasa sha. Na faɗa masa komai, tun daga bencin har bokitin ruwa. Bai daina saƙarsa ba sai da na kai aya.

"Ai na sani, Bello," in ji shi. "Tun ina kwance asibiti Ummaru yaz zo yaf faɗa min duka. Yac ce kai ka yi walda, amma shi ad da babban laifi. Kai ba ka yarda za ta karye ba, shi ko ya sani. Kunyar wansa ta hana shi buɗa baki gaban mutane, yana kallo tarakta tat tashi. Yai ta kuka kamar ƙaramin yaro, har ni mai ciwo nika ba shi haƙuri."

Mamman ya ci gaba. Ya ce tun da Ummaru ya dawo daga Turai, duk shekara in an yi girbi sai ya zo, ya wuni, ya duba dungulmin ƙafar, ya kai shi asibiti in ta yi ruwa, har shekarar da ya kwanta. Ummaru ya roƙe shi kada ya gaya wa kowa, musamman ni. "Shi na yafe mai tun dauri," in ji Mamman. "Kai nika jira. Har na ɗebe tsammani, nac ce sai dai mu gamu can." Ya ajiye igiyar ya miƙo mini hannu. "Tunda ka taho da ƙafarka, na yafe. Sha ruwanka."

Kunya ta kama ni, sauƙi ya zo mini, amma ba zan ɓoye ba, abin da ya fara taso mini shi ne tsohon ciwon nan. Ko a neman gafara ya riga ni da shekara arba'in. Sai da mota ta kama hanyar gida sannan wani tunanin ya iso. Duk rayuwata na ɗauka Ummaru yana can sama yana leƙo ni da tausayi, shi mai tsabta ni mai datti. Ashe kaya ɗaya muke ɗauke da shi, shi ya kama nasa gefen, yana ta waiwaye ko zan kama nawa. Takardunsa suna cikin akwati da Turancin da ba na iya karantawa, masana'antarsa ciyawa ta cinye, ɗalibansa sun watsu. Abin da na tabbata ya rage nasa shi ne wani tsoho mai ƙafa ɗaya a Kebbe da ke sa shi a addu'a bayan kowace salla, ni ban san wanda zai yi mini haka ba.

Kuma sai yanzu na gane wani abu da ya fi komai ƙona ni. Shekara talatin da wani abu, duk kaka, motarsa takan tsaya a bakin rumfata. Ba ya ko kashe ta. Ya leƙo ta taga ya gaishe ni, ya zuba mini ido, sannan ya ce, "Yaya, Kebbe za ni. Kana da saƙo?" Ni kuwa ko kai ba na ɗagowa daga walda, kullum sai in ce masa ba ni da shi.